Tarihin nap, siririyar wayar da ke bayan allon taɓawa

Uwaye da malamai ƴan'uwana, makarantar da ta taɓa samun kyautar na'urori da wuya a rasa wani kwali a buron darakta inda ake tara waɗanda aka ce sun mutu. A gidaje ma haka abin yake: tabilet ɗin yara da ta daina jin yatsa, salular da allonta ya koma fari fat, ƙaramin allon da ya yi layi-layi kamar zanen tabarma. Mai gyaran da ya san aikinsa, in aka kai masa irin waɗannan, cikin abubuwan da yake fara dubawa akwai wata siririyar waya mai faɗi, lebur kamar ganyen kaba, wadda ke haɗa gilashin da cikin na'urar. Masu gyara na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna ce mata nap, daga faransanci. Na Katsina da Kano kuma fleks suke ce mata. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma in ta tsage na'urar gaba ɗaya ta kwanta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Tarihin wannan waya nake so in bayar, saboda wani dalili mai amfani. A bayan ƙaramin allo guda akwai dabarun haɗa waya na zamani uku, kowace da shekarunta, kowace da irin gyaran da take karɓa. Wanda ya gane wacce ce ta lalace a hannunsa ya san ko sauyawa za a yi, ko ɗinki, ko haƙuri.

Lokacin da ake haɗa waya ɗaya bayan ɗaya

A farkon ƙarni na 20, duk wata na'urar lantarki da hannu ake haɗa cikinta. Ma'aikaci ya ɗauki waya, ya fere bakinta, ya liƙa ta da dalma nan, ya ja ta can ya sake liƙawa. Inda abin ya fi damun mutane shi ne gidajen wayar tarho na manyan birane, inda dubban layuka ke haɗuwa wuri ɗaya kamar saƙar gizo.

A 1903 wani Bajamushe mai suna Albert Hanson ya yi rajistar wata dabara a Ingila domin wannan matsala. Ya ce a yanka ƙarfe mai laushi siriri-siriri kamar takarda, a manna shi bisa takardar da aka jiƙa da kaki, sai hanyoyin wuta su kwanta a jere, ba mai hawa wani. In kun duba nap ɗin da ke cikin salularku yau, tunanin Hanson ne kuke gani: jan ƙarfe shimfiɗe bisa abin da wuta ba ta ratsawa, kuma yana lanƙwasuwa. Sai dai a zamaninsa babu kayan aikin da za su ɗauki dabarar, don haka ta daɗe tana kwance a takarda.

Mutum na biyu shi ne Paul Eisler, injiniya haifaffen birnin Vienna a 1907, wanda ya yi hijira zuwa Ingila a 1936. Ya san aikin ɗab'i, sai ya tambayi kansa: tun da ana buga rubutu bisa takarda dubu a yini, me zai hana a buga hanyoyin wuta haka? Ya haɗa rediyo da farantin da aka zana wa hanyoyin jan ƙarfe a maimakon wayoyi. Yaƙin duniya na biyu ne ya tura irin wannan dabara gaba, lokacin da sojan Amurka suka sa ta cikin ƙananan na'urorin da ke kan harsasan harbo jirage. A 1948 aka saki fasahar ga ƴan kasuwa.

Don a ga girman nauyin da ake neman saukewa, a dubi ENIAC, kwamfutar da aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania a 1946. Nauyinta ya kusa tan 30, tana da kwalaben lantarki fiye da dubu 17, kuma wuraren da aka liƙa da dalma da hannu sun kai wajen miliyan 5. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya saki. Tun daga nan injiniyoyi suka gane cewa rauni na na'ura yana wurin haɗi.

Daga Kalifoniya zuwa sibar kafe

Farantin Eisler ya gyara haɗin da ke cikin faranti ɗaya. Saura haɗa faranti da faranti, musamman in ɗayan yana motsi. A 1956 wani kamfani na Kalifoniya mai suna Cicoil ya jera wayoyi kafaɗa da kafaɗa cikin roba mai laushi, suka zama ɗamara guda mai faɗi. Kamfanoni irin su IBM suka ɗauke ta domin injunan karanta kati da na faifan ajiya na manyan kwamfutoci. Wannan ce kakar nap.

Waɗanda suka taɓa buɗe cikin kwamfuta a sibar kafe na Yamai ko Maraɗi a shekarun 2000 sun ga jikarta: ɗamara mai ruwan toka, waya 40 a jere, da jan layi a gefe ɗaya don a san inda ta ɗaya take. Tazarar da ke tsakanin waya da waya milimita 1,27 ce. Ido yana ganinta, yatsa yana kama ta, in ta lalace a zare a sa wata. Ɗalibin kwaleji yana iya wannan aiki cikin minti biyu.

Ana nan sai kamfanin DuPont na Amurka ya fito, a shekarun 1960, da wata leda mai launin ruwan zuma da ya sa wa suna Kapton. Abin mamakinta shi ne juriya: tana ɗaukar sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, tana ɗaukar zafin da ya kai wajen digiri 400. An yi amfani da ita a kumbon Apollo da ya sauka duniyar wata a 1969. Da aka samu ledar da dalma ba ta narkarwa, sai mafarkin Hanson ya tabbata: aka shimfiɗa jan ƙarfe bisa ita, aka zana hanyoyi, aka rufe da wata ledar. Kaurin jan ƙarfen yakan zama kashi 18 ko 35 cikin dubu na milimita, wato gashin kai ya fi shi kauri. Kamara, na'urar lissafi, agogon hannu, duk suka samu damar ƙanƙancewa.

Daga nan nap ta rabu gida biyu, kuma wannan rabuwa tana da muhimmanci ga mai gyara. Akwai fara, wadda wayoyinta ke miƙe sambal cikin leda ta talaka, da ɗan shuɗin tauri a kowane baki. Akwai kuma mai ruwan zuma, wadda aka zana domin na'ura guda takamaimai, hanyoyinta suna karkata, wani lokaci har da ƙananan kayan lantarki a kanta. Fara ana samunta a kasuwa da awo. Mai ruwan zuma sai ta irin na'urar.

Yatsa bisa gilashi

Shi ma allon taɓawa ya girmi yawancin masu karanta wannan rubutu. A 1965 wani injiniyan Ingila, E. A. Johnson, da ke aiki a cibiyar binciken rada ta Malvern, ya bayyana allon da ke jin yatsa, domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Abin da zai burge malamai shi ne, ɗaya daga cikin wuraren farko da aka ba jama'a irin wannan allo aji ne. A 1972 Jami'ar Illinois ta Amurka ta fito da PLATO IV, na'urar koyarwa da ɗalibi ke amsa tambaya ta hanyar taɓa allo. Hasken da ido ba ya gani ne ke ratsa fuskar allon a tsaye da a kwance, layi 16 ta kowane ɓangare, yatsa in ya tare hasken sai na'ura ta san wurin.

Kamfanin HP ya sa irin wannan dabara cikin kwamfutarsa HP-150 a 1983. Ƙananan ramukan da hasken ke fitowa suna gefen allo, sai ƙura ta riƙa cika su, allo ya daina ji sai an share. A ofisoshin Amurka ke nan. Ku auna da ajin da tagoginsa ba su da gilashi a watan Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa a Tanut.

A shekarun 1970 Samuel Hurst da kamfaninsa Elographics, a jihar Tennessee, suka kawo wata hanya: shimfiɗa biyu masu ɗaukar wuta, da ɗan sarari tsakaninsu, in an danna sai su haɗu. Irin wannan allo shi ne wanda ke son farce ko ɗan tsinke, kuma yawancinsa hanyoyi huɗu kawai ke fita daga gilashin ta cikin ƴar siririyar nap. Har yau yana cikin injunan shaguna da na asibitoci da ƙananan allunan masu arha. IBM ya sayar da salula mai allon taɓawa, Simon, a 1994. Amma iPhone na 2007 ne ya sa duniya ta koma ga zuriyar dabarar Johnson, inda gilashi ke da raga ta hanyoyin da ido ba ya gani, yatsa kuma yana canja ɗan cajin da ke wurin da ya taɓa. Hanyoyin nan suna da yawa, gommai ne, kuma duk sai sun fita daga gilashin sun isa wani ɗan guntun lantarki da ke fassara su. Sau da yawa guntun yana zaune bisa nap ɗin kanta.

A nan wata tambaya ta taso: ta yaya ake haɗa leda da gilashi, tun da gilashi ba ya karɓar dalma? Amsar ta fito daga Japan. A 1977 reshen sinadarai na kamfanin Sony ya fara sayar da wani manne mai kama da siririn salatif, cike da ƙwayoyi ƙanana masu ɗaukar wuta. In aka sa shi tsakanin nap da gilashi, inji ya danna da zafi, ƙwayoyin sai su matse tsakanin hanya ta sama da ta ƙasa su haɗa su, amma ba sa haɗa hanya da maƙwabciyarta. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ita ta ba mu allo siriri mai arha. Ita ce kuma ta fitar da wannan haɗi daga hannun mai gyara ta mayar da shi hannun inji.

Mu a Nijar allo a cikin aji ba baƙonmu ba ne. Tun 1964, shekara ɗaya kafin rubutun Johnson, aka fara koyar da yara ta talabijin a ƙasar nan, shirin da ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1970, kuma wasu akwatunan da hasken rana suke aiki. Talabijin na wancan zamani in aka kwance bayansa ana ganin kowane abu da ido, a cire wanda ya ƙone a liƙa sabo. Allon da ke shigowa ajinmu yau ya fi shi iyawa nesa ba kusa ba, amma rabin haɗinsa manne ne.

Allo guda, zamani uku

Bari in ɗauki misali na zahiri. A 2012 wata ƙungiya ta Cambridge a Ingila ta fito da Raspberry Pi, kwamfuta mai girman katin ɗan ƙasa, da niyyar yara su koyi sarrafa na'ura da hannunsu. A 2015 ta ƙara da allon taɓawa mai inci 7. In kuka juya bayan wannan allo, ga abin da za ku gani. Farar nap mai haƙora 15, tazararsu milimita 1, tana tafiya daga kwamfutar zuwa wani ɗan faranti. Daga farantin kuma wasu biyu masu ruwan zuma suna shiga allon, babba ta hoto, ƙarama ta taɓawa. Can ƙarshensu, a bakin gilashi, manne ne ya riƙe su. Farar jikar 1956 ce, masu ruwan zuma ƴaƴan shekarun 1960 ne, mannen kuma na 1977. Yawancin ƙananan allunan taɓawa haka tsarinsu yake ko kusa da haka.

Kafin a taɓa komai, a cire na'urar daga kuran, a raba ta da batir in tana da shi, a ɗauki hoton cikinta da salula don a tuna yadda kowace waya take kwance. Batirin tabilet ba ya son tsini: in aka huda shi yana iya kama wuta, don haka wannan ɓangaren ba na yara ba ne.

Alamun ciwon sukan nuna wurinsa. Allon da ya yi fari fat, ko hotonsa ke zuwa yana tafiya in an motsa shi, nap ta hoto ake zargi. In hoto lafiya lau amma yatsa ba ya aiki ko'ina, a dubi ƙaramar nap tsakanin guntun lantarki da faranti. In kuwa wani tsiri guda na allon ne kawai ya kurmance, sauran na ji, to tsinkewar tana kusa da gilashi, kuma wannan shi ne labari mara daɗi.

Mataki na farko bai buƙatar kuɗi. Bakin da nap ke shiga yana da ƴar sakata ta roba, wata ana ɗaga ta sama, wata ana jan ta waje kaɗan. Da farce ake buɗe ta, a hankali, don ta fi nap ɗin saurin karyewa. A zare nap, a goge haƙoranta da auduga da ɗan alkol mai ƙarfi, a bari ta bushe, a mayar da ita miƙe har ta kai ƙarshe, a rufe sakata. Ƙura da zufa da girgizar hanya bisa babur suna iya raba haƙori da mazauninsa ba tare da komai ya tsage ba.

In fara ce ta lalace, ba a wahalar da kai wajen ɗinki. Ledarta ba ta jure zafi: dalma ta gargajiya tana narkewa a digiri 183, ƙarfen narka ta yakan wuce digiri 300, farar leda kuwa tun kafin nan ta tattare. Sabuwa ake nema, da abubuwa huɗu a rubuce: yawan haƙora, tazararsu, tsawon nap, da kuma ko haƙoran bakin nan biyu suna fuska ɗaya ko ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wanda ya manta na huɗun zai iya sayo nap da ta shiga daidai amma ta juya wuta, har ta ƙona abin da ke lafiya. In ba a samu sabuwa ba, kuma bakin ne kawai ya cinye, ana yanke shi miƙe da almakashi mai kaifi, a kankare ledar da reza har jan ƙarfe ya fito, a mayar da ɗan shuɗin taurin a bayansa.

Mai ruwan zuma ita ce ke karɓar ɗinki. Na tsaya kan wani mai gyara a kasuwa yana yin wannan aiki bisa allon wani abokin aikina, wanda ya ninke a wurin da murfi ke danne shi. Ya sa gilashin ƙara girma, ya bi hanyoyin ɗaya-ɗaya da mita har ya samu biyu da ba sa amsawa. Ya ɗago kai ya ce: «Mushe, allonku bai mutu ba, jijiya biyu ce ta tsinke.» Ya kankare rufin ledar ta kowane gefen tsagar, wurin da bai fi ƙwayar gero ba, ya shafa dalma kaɗan, ya ɗora silin waya mai rufi da ya zaro daga tsohon naɗin lasifika, ya gada tsagar. Ya sake aunawa don ya tabbata hanya ba ta taɓa maƙwabciyarta ba, sannan ya rufe da salatif mai jure zafi, ya kafe wurin don kada ya sake lanƙwasuwa. Aikin ya ci kusan awa ɗaya. Irin wannan ɗinki ya fi kamawa a nap ta taɓawa, mai hanyoyi kaɗan. A ta hoto, inda saƙo ke gudu da sauri cikin hanyoyi biyu-biyu masu tsawo ɗaya, ɗinki yana iya kamawa amma hoton ya riƙa rawa.

Akwai tarko guda. Wasu allunan masu hanya huɗu, hanyoyin nap ɗinsu tawadar azurfa ce aka buga bisa leda. Dalma ba ta kama ta, zafi kuma yana cinye ta. Fenti mai ɗaukar wuta ake shafa wa tsagar, shi ma ba ya daɗewa in wurin yana motsi.

In kuwa nap ta ɓamɓare daga gilashi, an iso zamani na uku. Wasu suna danna wurin da ƙarfe mai ɗumi, mannen ya sake kamawa na ɗan lokaci, kamar yadda masu tsohuwar Game Boy ta 1989 ke yi in allonta ya yi layuka. Gyara na ƙwarai sai da sabon manne da injin da ke daidaita zafi da nauyi. Inda babu shi, gilashin ake sauyawa, a ajiye faranti da farar nap da sauran kaya domin wata na'urar.

Tun ran gini, ran zane

Me ke tsinka nap tun farko? Duk yaron da ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya yi motar langa-langa ya san amsar: ƙarfe yana gajiya. Waɗanda suka riƙe salula mai murfi ko mai zamewa a shekarun 2000 sun tuna yadda allonta ke fari bayan shekara ɗaya ko biyu. Injiniyoyi sun san wannan sarai, kuma suna da magani: a ba nap isasshen tsawo, kada a ninke ta da kaifi, a sa mata baki mai sakata ta kowane gefe. Yin haka ko ƙin yi zaɓi ne na mai ƙera.

Misalai biyu sun isa. Kwamfutar MacBook Pro da Apple ya fitar a 2016 tana da siririyar nap da ke naɗe a maganaɗin murfi, tana jan jiki duk lokacin da aka buɗe. Da ta fara tsinkewa a hannun mutane, sai aka tarar an haɗe ta da allon, ba ta sauyuwa ita kaɗai. Masu shafin gyara na iFixit sun lissafa a 2019 cewa abin da ya kamata ya ci dalar Amurka 6 ya koma wajen 600. Sun kuma auna ta ƙirar 2018 suka ga an ƙara mata tsawon milimita 2. A watan Mayun 2019 kamfanin ya buɗe gyara kyauta ga ƙirar 2016 mai inci 13. Milimita biyu ke nan.

Na biyun shi ne XO, ƴar koriyar kwamfutar shirin ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte ya sanar a 2005, aka kuma gwada ta a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007. Shirin bai cika duk alkawuransa ba, amma an ƙera na'urar don a kwance ta da sukurdireba guda, har an ɓoye sukurori na ajiya a cikin jikinta saboda an san yaro zai ɓatar da wasu. Masu ƙirar sun ɗauka tun farko cewa za ta lalace a wurin da babu shagon kamfani.

Hukumomi sun fara shiga maganar. Faransa ta mayar da gajarta ran kaya da gangan laifi a dokar 2015. Daga 1 ga Janairun 2021 kuma ta tilasta a rubuta maki bisa 10 a jikin salula da kwamfutar hannu da talabijin da wasu kaya, mai nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta amince da dokar haƙƙin gyara a 2024. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce sharar kayan lantarki ta duniya ta kai tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22,3 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. Abin da Turai ke neman farfaɗowa da doka, mu yana raye a kasuwar Katako ta Yamai da rumfunan masu gyaran salula na kowane gari. Abin da ya rage mana shi ne kayan sauyi, da kuma girmama sana'ar.

Abin da ke hannunmu

Ga daraktoci da kwamitin uwayen yara: ran da wata ƙungiya ta zo da kyautar alluna ko tabilet, bayan godiya a yi tambaya uku. Da sukurori aka rufe su ko da manne? Nap ɗinsu tana da sakata ko haɗe take da gilashi? An haɗo da na sauyi nawa? Ƙunshin farar nap ba ya cika aljihun riga, kuma a lokacin miƙa kyauta ne ya fi sauƙin roƙo. A kuma san mai gyara guda a gari tun kafin buƙata ta taso, a rubuta lambar ƙirar kowace na'ura a rajistar makaranta.

Ga uwaye: kada a ɗauki allo ta murfinsa, kada a tura shi cikin jakar da littattafai za su danne shi, kada a bar shi bisa kujerar mota da rana, don zafi yana sassauta manne. In ya daina aiki, a hana yara ɓalle shi da wuƙa. Yawancin nap da ke tsagewa a hannun mai buɗewa, a daƙiƙar da aka ɗaga murfi da ƙarfi ne, alhali tana manne da ɓangarorin biyu.

Ga ƴan'uwana malamai kuma, kwalin nan na buron darakta kayan darasi ne. A zaɓi na'urar da mai gyara ya tabbatar ba ta tashi, a sa ya cire batirin, a kawo ta aji. Yara su ƙirga haƙoran nap, su auna da rula daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na ƙarshe. In haƙora 15 ne kuma awon ya ba da milimita 14, tazara nawa ce? Da yawa za su raba da 15, sai a bar su su gano da kansu cewa tsakanin haƙora 15 gurbi 14 ne, kamar itatuwa da tazararsu a bakin hanya. A ba su ta biyu: haƙora 40, milimita 19,5. Wanda ya samu 0,5 ya iya rubuta odar da ɗan kasuwa zai kai Kano ko Kwatano ya dawo da nap ɗin da ta dace, kuma allon da ke kusa da wannan a cikin kwalin yana iya komawa aji kafin hutun ƙarshen shekara.